Ƙashi, Madara da Lemon Kwalba

Akwai wani ɗan gajeren bidiyo da ya daɗe yana yawo a wayoyin jama'a, wanda a cikinsa ake buɗe kwalbar lemon kola, a tsiyaya mata madara kaɗan, a mayar da murfi a ajiye. Bayan 'yan sa'o'i sai a nuna kwalbar ta rabu gida biyu: a sama ruwa ne garau mai ɗan launi kaɗan, a ƙasa kuwa wani gudaji-gudaji mai launin ƙasa ya kwanta. Daga nan sai mai magana ya ce wai abin da lemon yake yi wa ƙashin mutum ke nan. Abin da ya faru a cikin kwalbar gaskiya ne, kowa ma zai iya gwadawa ya gani, amma fassarar da aka yi masa ba daidai ba ce. Furotin ɗin madara ne ya dunƙule saboda ya gamu da tsami, ya janyo launin lemon suka kwanta tare, kuma haka yake dunƙulewa a cikin kowane mai shan madara ko da bai taɓa ɗanɗana lemo ba, domin ruwan tsamin da ciki yake fitarwa don narka abinci ya kai na kola ƙarfi, sau da yawa ma ya fi shi.

Ban kawo wannan magana don in wanke lemon kwalba daga zargi ba, domin yana da laifinsa, kuma laifin ba ƙarami ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, idan aka ɗora wa abu laifin da ba nasa ba, ainihin laifinsa sai ya shige wa mutane duhu, su ɗauki matakin da ba zai amfane su da komai ba. Wanda ya yarda cewa gas ɗin da ke cikin lemo ne yake cinye ƙashi, yana iya komawa ga ruwan zaƙi marar gas ya ci gaba da ɗirka wa 'ya'yansa safe da yamma, yana ganin ya tsira, alhali matsalar tana nan daram. A fahimtata, bayan na auna abin da masu bincike suka gano, babbar ɓarnar lemon kwalba ga ƙashi tana zuwa ne ta wajen abin da ya kora daga hannun yaro, a daidai shekarun da jikinsa yake gina ƙashin da zai rayu da shi har tsufa. Amma kafin a ga dalilin haka, sai an fara sanin yadda jiki yake tafiyar da kalsiyam, sinadarin da ke sa ƙashi ya yi tauri.

Jikin baligi yana ɗauke da kalsiyam kimanin kilo 1, kuma kashi 99 cikin 100 na wannan adadi yana cikin ƙasusuwa da haƙora, inda ya haɗu da sinadarin fosfaras suka zama ma'adini mai tauri da ya lulluɓe zaruruwan furotin. Ɗan abin da ya rage, wanda yake yawo a jini da sauran sassan jiki, shi ne wanda rai ya rataya a kansa, domin da shi tsoka take motsi, da shi zuciya take bugawa bisa tsari, da shi jijiyoyi suke isar da saƙo, da shi kuma jini yake daskarewa idan an ji rauni. Saboda haka jiki ba ya wasa da adadin kalsiyam na cikin jini; yana riƙe da shi tsakanin kimanin miligiram 8.5 zuwa 10.5 a kowace mililita 100, ko mutum ya ci abinci mai kalsiyam ko bai ci ba. Masu wannan gadi wasu ƙananan halittu ne guda 4 da ke cikin wuya, ana kiransu faratayirod. Da zarar kalsiyam ya fara sauka a jini sai su saki wani sinadari da zai sa ƙoda ta rage zubar da shi a fitsari, ta kuma kunna bitamin D domin hanji ya ƙara tsotsowa daga abinci, sannan a kwaso cikon daga ƙashi.

Ƙashi ke nan rumbu ne, ana zubawa lokacin wadata, ana ɗiba lokacin rashi, kuma ɗibar ba ta da ciwo balle mutum ya farga. Wannan shi ya sa gwajin kalsiyam na jini ba ya gaya wa kowa halin da ƙashinsa yake ciki. Mutum yana iya shafe shekaru yana cin abincin da bai wadata da kalsiyam ba, amma duk lokacin da aka auna jininsa sai a ga komai daidai, saboda ƙashinsa ne yake cike giɓin a ɓoye. Abin da yake nuna gaskiyar lamarin shi ne na'urar auna ƙwarin ƙashi da ake kira DXA, wadda ake kwantar da mutum a kanta a haska ƙugunsa da ƙashin bayansa na 'yan mintoci, kuma bisa irin wannan awo ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin gane ciwon zaizayewar ƙashi a 1994. Da yawa ba sa sanin suna da wannan ciwo sai ranar da suka zame a banɗaki ko suka yi tuntuɓe, ƙugu ko wuyan hannu ya karye daga faɗuwar da ba ta isa ta karya lafiyayyen ƙashi ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya a sauran rayuwarsu.

Ƙashin mai rai ba busasshen abu ba ne. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a cikinsa dare da rana, wasu suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna bin bayansu suna cike gurbin da sabo, har ta kai ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi a kowace shekara. A ƙuruciya masu gini sun fi masu rushewa sauri, daga wajen shekara 30 sai su yi kunnen doki na wani lokaci, daga baya kuma masu rushewa su fara rinjaye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan batu shi ne ƙarancin lokacin da aka ba ɗan Adam ya yi ginin. Wani bincike da aka gudanar a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, inda aka riƙa auna ƙashin yara shekara bayan shekara, ya nuna cewa ginin yana kai ƙololuwa ne a wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata, da wajen shekara 14 ga samari, kuma kusan rubu'in kalsiyam ɗin da mutum zai mallaka a matsayin baligi ana tara shi ne cikin shekaru 2 kacal na wannan tsakani. Kafin yarinya ta wuce 18, yaro kuma 20, an riga an kammala kusan kashi 90 cikin 100 na aikin. Gado yana da babban rabo wajen yadda ƙashin mutum zai kasance, wannan ba a hannun kowa yake ba, amma abinci da motsa jiki a waɗannan shekaru suna hannun iyaye.

Game da adadin da ake bukata a rana, hukumomi ba su yi ittifaƙi a kan lamba ɗaya ba. A Amurka, ma'aunin da ake bi tun 2011 shi ne miligiram 700 ga yaro mai shekara 1 zuwa 3, da 1,000 ga mai 4 zuwa 8, da 1,300 ga mai 9 zuwa 18, da 1,000 ga baligi, sai 1,200 ga macen da ta haura 50 da namijin da ya haura 70. Birtaniya ta tsaya a miligiram 700 ga baligi, hukumar abinci ta Tarayyar Turai kuma ta ce 950. Abin da mutane suke ci a zahiri ya fi haka bambanta nesa ba kusa ba, domin wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan ƙasashe 74, ya samu matsakaicin ci daga miligiram 175 a Nepal har zuwa 1,233 a Iceland. Jiki yana da dabarar sabawa da ƙaranci, ta hanyar ƙara yawan abin da hanji yake tsotsa da rage abin da ke fita a fitsari, sai dai dabarar tana da iyaka. Yaran da abincinsu ya yi ƙarancin kalsiyam ƙwarai bayan yaye sukan samu laushin ƙashi da lanƙwashewar ƙafafu, ko da kuwa suna wuni a rana ba su rasa bitamin D ba.

To, ina lemon kwalba ya shigo? Abubuwa uku ake tuhuma a cikinsa: gas, da asid ɗin fosfaras da ake sa wa nau'in kola, da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin gahawa. Na farko an daɗe da sallamarsa, domin iskar da ke tashi a kwalba yawancinta tana fita ne da gyatsa, sauran kuma huhu ya fitar da ita, kuma ba a samu wata alaƙa tsakanin ruwan sha mai gas da raunin ƙashi ba. Na biyu shi ne ya fi jan hankalin mutane, saboda kalmar asid kaɗai ta isa ta tsorata mai ji. Gaskiya ne ma'aunin tsamin kola yana wajen 2.5, wato yana da tsami sosai, domin a wannan ma'auni ƙanƙantar lamba ce take nuna yawan tsami, sukari ne ya ɓoye shi a baki. Amma tsamin ba ya isa ga ƙashi a yadda yake, domin huhu da ƙoda suna riƙe da ma'aunin jini tsakanin 7.35 da 7.45, kuma kwalbar lemo ba ta isa ta gusar da shi daga nan ba. Fosfaras ɗin da ke cikin gwangwani guda kuwa 'yan gommai ne na miligiram, alhali kofin madara ɗaya yana da fiye da 200, baligi kuma yana bukatar 700 a rana. Bambancin da ke akwai shi ne madara tana kawo fosfaras tare da kalsiyam, kola kuwa yana kawo shi ne shi kaɗai.

A 2001 Robert Heaney na Jami'ar Creighton a Amurka, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin kalsiyam, shi da abokiyar aikinsa Karen Rafferty suka gwada lamarin kai tsaye. Sun riƙa ba wasu mata nau'o'in lemo daban-daban, mai kafeyin da marar shi, mai asid ɗin fosfaras da marar shi, sannan su auna kalsiyam ɗin da ya fita a fitsarinsu. Sakamakon ya nuna cewa asid ɗin bai ƙara zubar kalsiyam ba. Lemon da ke da kafeyin ne kaɗai ya ɗan ƙara, ƙarin kuma kaɗan ne ƙwarai, irin wanda jiki yake ramawa daga baya ta hanyar rage zubarwa. Hukuncin da suka yanke shi ne, idan lemon kwalba yana cutar da ƙashi, to mafi yawan cutar daga maye gurbin madara take zuwa.

Ba a nan maganar ta ƙare ba, kuma adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2006 Katherine Tucker da abokan aikinta sun wallafa sakamakon auna ƙashin mata 1,413 da maza 1,125 a binciken garin Framingham na jihar Massachusetts. Matan da ke shan kola kullum, ma'adinin ƙashin ƙugunsu ya gaza na waɗanda ba sa shan ko sau ɗaya a wata da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100, kuma bambancin bai gushe ba ko bayan an yi la'akari da yawan kalsiyam ɗin da kowacce take ci. An ga irin wannan har ga masu shan kola marar sukari, ba a gan shi ga maza ba, ba a kuma gan shi ga sauran lemo masu gas da ba kola ba. Kafin wannan, a 2000, Grace Wyshak ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a kan 'yan matan sakandare 460, ta samu cewa masu shan lemo sun fi ba da labarin karaya da kusan ninki 3, a cikin masu wasannin motsa jiki kuwa masu shan kola sun kai kusan ninki 5. Irin waɗannan bincike na lura ne kawai, wato suna nuna abubuwa biyu suna tafiya tare amma ba sa tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya, tunda mai yawan shan lemo yakan bambanta da wanda ba ya sha a abubuwa da dama na rayuwa. Duk da haka ni ban ga hikimar mace ta mayar da kola abin shanta na kullum ba, musamman idan ta doshi shekarun daina haila.

Inda nake ganin ya kamata a fi tsayawa shi ne batun maye gurbi, domin shi ne ba ya bukatar wata doguwar muhawara. Cikin yaro yana da iyaka, ƙishirwarsa ma haka, kuma duk abin da ya sha da abincinsa ya hana wani abu shiga. A Amurka, inda aka daɗe ana tattara irin waɗannan alƙaluma, an samu cewa tsakanin 1977 da 2001 ƙarfin abinci da mutane ke samu daga abubuwan sha masu zaƙi ya ƙaru da kashi 135 cikin 100, wanda suke samu daga madara kuma ya ragu da kashi 38. Lissafin a kan yarinya guda ma mai sauƙi ne. Idan tana da shekara 13, ta saba shan kofin madara mai miligiram 300 a kowace rana, sai aka musanya shi da gwangwanin lemo, to a shekara ɗaya ta rasa kusan giram 110 na kalsiyam daga abincinta, wanda da jikinta zai tsotsi kusan sulusinsa, a daidai lokacin da ƙashinta ya fi bukata. A madadinsa ta samu sukari kimanin giram 35 a kowane gwangwani mai mililita 330, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ma ita ce kada irin wannan sukari ya wuce wajen giram 50 a yini. Sukarin kuma yana toshe mata ciki, ta zo cin abinci ta ɗan taɓa ta tashi. Wannan ɓarna ba ta bambanta tsakanin lemo mai gas da marar gas, ko ruwan 'ya'yan itace na kwali da aka cika wa sukari.

Akwai wurare biyu da tsamin lemo da fosfaras ɗinsa suke cutarwa kai tsaye. Haƙori yana haɗuwa da lemon kafin komai ya tsarma shi, kuma rufin haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, don haka mai kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tsawon yini ya fi wanda ya shanye lokaci guda tare da abinci cutuwa. Sai kuma mai ciwon ƙoda, wanda jikinsa ba ya iya fitar da fosfaras yadda ya kamata. Shi likitoci kan hana shi kola, kuma hanin yana da tushe.

Madara ta samu matsayinta ne saboda ta tara abubuwa da yawa a wuri guda: kalsiyam kimanin miligiram 120 a kowace mililita 100, wanda jiki ke tsotsar kusan kashi 30 cikin 100 nasa, ga furotin, ga fosfaras, kuma yaro yana iya shanta ba tare da an sha fama da shi ba. Tafasawa ba ta lalata kalsiyam ɗinta, cire mata kitse bai rage shi ba, mayar da ita gari ma haka. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ba duk farin abu mai hoton saniya ne madara ba. Idan mutum ya juya bayan gwangwani ko leda ya karanta jerin kayan haɗi, abin da aka fara rubutawa shi ne ya fi yawa a ciki, kuma akwai garin da ake sa wa shayi wanda jerinsa yake farawa da sukarin masara da man tsirrai, madarar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Madara mai kauri da aka zuba wa sukari tana da kalsiyam, amma fiye da rabin nauyinta sukari ne. Man shanu kuwa, duk da daga madara ya fito, kusan babu kalsiyam a cikinsa, domin kalsiyam ba ya bin kitse.

Sai dai an yi wa madara talla fiye da kima, har ta kai wasu na ganin duk wanda ba ya shanta ƙashinsa ya shiga uku. Masana sun daɗe da lura cewa ƙasashen arewacin Turai, waɗanda suka fi kowa shan madara, suna cikin waɗanda suka fi yawan karayar ƙugu, ko da yake tsawon rai, da tsayin jiki, da ƙarancin rana, da santsin ƙanƙara duk suna da hannu a ciki. A 2014 wani nazari daga Jami'ar Uppsala ta Suwidin, wanda ya bi mata sama da 61,000 da maza sama da 45,000, ya samu cewa matan da ke shan madara kofi 3 ko fiye a rana ba su samu kariya daga karaya ba, hasali ma nasu ya fi yawa, yayin da masu cin cuku da yogot suka fi samun sauƙi. Shi ma binciken lura ne, kuma marubutansa da kansu sun ja kunne kada a gina shawarar abinci a kansa shi kaɗai. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne gwajin da aka wallafa a 2021 daga Ostireliya, inda aka raba gidajen kula da tsofaffi 60 masu mazauna 7,195 gida biyu, aka ƙara wa rabi madara da yogot da cuku a abincinsu har kalsiyam ɗinsu ya tashi daga wajen miligiram 700 zuwa sama da 1,100 a rana. Cikin shekara 2 karaya ta ragu da kashi 33 cikin 100 a wannan rukuni, karayar ƙugu kuma da kashi 46. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, abin da nake karantawa shi ne cike giɓin wanda ya gaza yana da amfani babba, amma ƙara wa wanda ya riga ya wadata ba ya ƙara masa komai.

Ga kuma gaskiyar cewa kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen duniya jikinsu yana rage iya narka sukarin madara bayan ƙuruciya, shi ya sa wasu in sun sha sai kumburin ciki da murɗa da gudawa. Yawancin irin waɗannan suna iya jure madara kofi guda idan sun sha tare da abinci, kuma yogot da busasshen cuku ba su cika damunsu ba, tunda ƙwayoyin da suka tsamar da madarar sun rage sukarin. Wanda ba ya shan madara sam yana da wasu hanyoyi. Ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna kan gaba. Sardin na gwangwani, wanda ƙayarsa take murƙushewa tsakanin yatsu biyu, yana da kusan miligiram 380 a giram 100, kuma mai tsince ƙayar ya zubar ya zubar da mafi yawan kalsiyam ɗin ne. A ganyaye kuwa lambar da ke rubuce a littafi tana iya yaudara. Alayyafon Turawa yana da kalsiyam da yawa, amma wani sinadari mai suna okzalet ya ɗaure shi, jiki ba ya samun fiye da kashi 5 cikin 100, alhali dangin kabeji irin su burokoli ana tsotsar kusan rabin nasu, ko da yake sai an ci da yawa kafin a kamo kofin madara. Wake da riɗi da hatsi suna bayarwa gwargwado, kuma jiƙawa da tsimawa suna rage sinadarin da ke riƙe ma'adinansu. Mutanen Meziko sun daɗe suna dafa masara da ruwan farar ƙasa, dabarar da ke ƙara mata kalsiyam sosai. Madarar waken suya da makamantanta ba sa zama madadin ta saniya sai in an ƙara musu kalsiyam, kuma sai an girgiza kwalin kafin a zuba, domin yana kwanciya a ƙasa.

Sauran abubuwan da ake yawan ambata ba sa bukatar dogon bayani. Gishiri yana jan kalsiyam zuwa fitsari, kusan miligiram 25 zuwa 40 ga kowane giram 6 na gishiri, don haka shawarar kada a wuce giram 5 a rana tana amfanar ƙashi kamar yadda take amfanar mai hawan jini. Asarar da kofin gahawa yake jawowa cokali ɗaya ko biyu na madara ya isa ya mayar da ita. Nama da sauran furotin an taɓa zarginsu da zaizaye ƙashi saboda suna ƙara kalsiyam a fitsari, daga baya aka gano suna ƙara tsotsarsa a hanji ma, kuma tsohon da ba ya samun isasshen furotin ya fi shiga haɗari, tunda tsokarsa tana raunana ya riƙa faɗuwa. Taba da yawan shan giya kuwa cutarwarsu ga ƙashi tabbatacciya ce.

Kalsiyam ba ya aiki shi kaɗai. Idan babu bitamin D hanji ba ya tsotsar fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da aka ci, kuma mafi yawan wannan bitamin fata ce take haɗa shi daga hasken rana, abinci kaɗan ne ke da shi, irin su kifi mai kitse da gwaiduwar ƙwai. Mai wuni a ɗaki ko ofis yana iya rasa shi ko da a ƙasar da rana take dukan ƙasa duk shekara. Haka kuma ƙashi ba ya karɓar kalsiyam sai ya ga dalili, dalilin kuwa shi ne nauyi da motsi. 'Yan sama jannati suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ma'adinin ƙashin ƙugunsu a kowane wata a sararin samaniya duk da ana kula da abincinsu, kuma 'yan wasan tanis ƙashin hannun da suke bugu da shi ya fi na ɗaya hannun kauri. Yaron da ke guje-guje da tsalle-tsalle yana gina ƙashi ne, wanda kuma ya wuni a zaune da waya a hannu ɗaya da kwalbar lemo a ɗaya ya haɗa asara biyu.

Mata suna da lokuta biyu na musamman. Mai shayarwa tana zuba kalsiyam miligiram 200 zuwa 300 a nononta kullum, ƙashinta yana ɗan raguwa a wannan tsakani ko me take ci, amma yana dawowa cikin watanni bayan yaye. Daina haila ita ce ba ta da irin wannan dawowa, domin sinadarin mata da ke taka wa masu rushe ƙashi burki yana sauka, a riƙa rasa kusan kashi 2 cikin 100 a shekara na wasu shekaru a jere. A nan ne da yawa suke komawa ga ƙwayar kalsiyam, kuma ita ma tana da wurinta. A Faransa, a gwajin da aka wallafa a 1992 a kan tsofaffin mata 3,270, kalsiyam tare da bitamin D ya rage karayar ƙugu da kashi 43 cikin 100 cikin wata 18, saboda matan suna da ƙarancin duka biyun tun farko. A Amurka kuwa, a 2006, gwaji a kan mata sama da 36,000 waɗanda da yawansu suna samun isasshen kalsiyam tun farko bai nuna raguwa a fili ba, sai ma tsakuwar ƙoda da ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Kalsiyam na abinci akasin haka yake yi, yana rage haɗarin tsakuwar, domin yana kama okzalet tun a hanji ya fita da shi kafin ya isa ƙoda. Wanda likita ya rubuta wa ƙwayar, gara ya raba ta kada ya wuce miligiram 500 a sha ɗaya, ya sha nau'in kabonet tare da abinci domin yana bukatar tsamin ciki kafin ya narke, ya kuma ba da tazarar sa'o'i tsakaninta da maganin ƙarin jini ko maganin tayirod, saboda tana hana jiki tsotsarsu.